Tsadar fetur: Yadda maigidana direba ya riƙa cike giɓin da lafiyarsa

Ni matar direba ce, a Suleja muke zaune. Shekara 16 ke nan da aurenmu, Allah Ya ba mu ’ya’ya biyar. Ina koyarwa a wata makarantar firamare mai zaman kanta a unguwarmu, shi kuma maigidana, wanda nake kira Malam, yana jigilar fasinja da ƙaramar motarsa Golf tsakanin Suleja da Abuja. Na daɗe ina son in rubuta abin da ya same mu tun da fetur ya yi tsada, domin na lura duk lokacin da ake wannan magana kukan fasinja aka fi ji. Direba kuwa kallon wanda ya samu hanyar ƙara kuɗi ake yi masa. Ni da nake jiran dawowarsa kullum da dare, abin da na gani daban ne. Sai da na nemi izininsa kafin in ɗauki biro. Ya ce in rubuta, wataƙila wani ya tsira.

Wanda bai san Suleja ba zai yi mamakin yadda rayuwar gari guda ta rataya a kan hanya ɗaya. Garin nan shi ake kira Abuja a da, kafin a ɗauki sunan a ba sabon babban birnin tarayya da aka yanke shawarar ginawa a 1976. Yau ɗimbin ma’aikatan Abuja a nan suke kwana, saboda kuɗin hayar can ya fi ƙarfinsu. Akwai masu gadi da masinjoji da leburori da ƙananan ma’aikatan gwamnati. Tun kafin gari ya waye suke fitowa, mota ta bi da su ta Madalla da Zuba da Dei-Dei da Kubwa, har Berger ko Wuse. Da yamma kuma a kwaso su a dawo. Wannan zirga-zirga ita ce abincinmu.

A da Malam yana yin sawu uku a rana, motar tana shan kamar lita 25. Lokacin lita ba ta kai Naira 200 ba a gidajen man NNPC, don haka da Naira dubu biyar ya gama da maganar mai. Ba mu yi arziki ba, amma akwai rufin asiri. A 2022 ya gama biyan kuɗin motar, har mun fara maganar sayen fili.

Ranar 29 ga Mayun 2023 muna zaune muna sauraren jawabin rantsar da Shugaba Bola Tinubu a rediyo, muka ji ya ce tallafin mai ya tafi. Ni ban fahimci nauyin maganar ba. Malam ne ya miƙe ya ɗauki makulli ya fita neman mai, bai dawo ba sai bayan sallar isha, ya ce gidajen mai da yawa sun rufe ƙofa. Cikin kwana biyu lita ta koma Naira 537 a Abuja. A watan Yuli ta zama 617. A Satumbar 2024 ta kai 897, a Oktoba kuma ta haura dubu, aka sayar a kan 1,030. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Litar nan 25 da muke saye Naira dubu biyar ta koma dubu 25 da ɗari bakwai da hamsin, wato ta ninka fiye da sau biyar.

An ƙara kuɗin mota, gaskiya ne, amma bai ninka sau biyar ba, kuma ba zai yiwu ya ninka ba. Mutumin da albashinsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024 ba, nawa za ka caje shi kullum, zuwa da dawowa? Fasinjoji suka ragu. Wasu ma’aikata suka koma kwana a wurin aiki daga Litinin, sai Juma’a su dawo gida. Masu motocin kansu kuma suka fara tsayawa a bakin hanya suna ɗiban mutane don su samu na mai, kuma ba a ganin laifinsu, su ma matsin ne. Tsakanin abin da mai ke ci da abin da fasinja zai iya biya sai aka samu wani giɓi babba. Na ɗauki kusan shekara biyu kafin in gane da me Malam yake cike shi.

Dabarun da ya fara

Da farko a jikin motar ya fara tsimi. Juyen baƙin mai da yake yi a kan lokaci ya koma sai ya ji ƙarar injin ta canza. Taya idan ta suɗe, maimakon sabuwa sai ya sayo ta hannu. Birki ya fara ƙara, ya ce zai ƙara mako biyu. Ya koyi abin da direbobi da yawa ke yi, idan ya samu gangara sai ya sa motar a firi ta riƙa gangarawa da kanta, wani lokaci har ya kashe injin. Gaba mutum biyu, baya huɗu, idan an samu yaro a ɗora shi a cinya.

Daga motar sai tsimin ya koma kansa. Abincin rana shi ya fara tafiya. Farantin shinkafa da wake a bakin tasha ya kusa kuɗin lita ɗaya, sai ya zaɓi litar. Goro da ruwan leda su ne abincinsa tun daga shayin asuba har dare. Ya ƙara sawu na huɗu, wanda yake dawo da shi gida sha ɗaya da rabi ko sha biyu, alhali ƙarfe huɗu da rabi zai tashi. Ranar da ya ga zai dawo babu fasinja, sai ya kira ni ya ce in rufe ƙofa, zai kwana a cikin mota a gefen wani masallaci a Abuja. Don kada barci ya ɗauke shi a kan sitiyari, ya fara shan lemon gwangwanin nan da ake cewa yana ƙara kuzari, biyu ko uku a rana. Bayansa ya fara ciwo saboda zama, sai ya riƙa sayen ƙwayar ciwon jiki wurin masu talla a tasha yana haɗiya da cikin da babu komai. Ya sha gaya mini cewa wasu abokan aikinsa sun wuce nan, sun koma shan tiramol don su jure, kuma ya gode Allah bai kai can ba.

Duk wannan ban san rabinsa ba a lokacin. Abin da na sani shi ne mutumin da na aura ya canza. Malam mai wasa da yara ne, amma ya zama ko gaisuwa aka yi masa da ƙarfi sai ya ɗaure fuska. Autarmu ta yi kusan mako ba ta gan shi ido buɗe ba, yana fita tana barci, yana dawowa tana barci. Kuɗin cefane ya tsaya a inda yake alhali kwanon shinkafa da na masara suna ta hawa, ni kuma na ɗauka riƙo ne. Na yi masa magana mai zafi fiye da sau ɗaya. Har zuciyata ta fara raya mini ko wata yake nema a Abuja, tunda ga kwana a waje ga ƙarancin kuɗi. Na kai ƙara wurin mahaifiyarsa. Inna ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “’Yata, kin dubi wuyan rigarsa kuwa? Mai neman aure ba haka yake ramewa ba.” Na ji kunya, amma ban san abin da zan yi da maganar ba.

Jarkokin bayan ƙofa

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jarkoki. Abin mamaki, ga daffon mai na NNPC a gefen garinmu, ga tankoki jere a bakin hanya, amma idan wahalar mai ta zo sai direba ya yini a layi ko ya koma wurin ’yan bumburutu. Saboda haka duk lokacin da aka fara raɗe-raɗin ƙarin farashi, Malam sai ya ciko jarka biyu ya ajiye a lungun da ke tsakanin ɗakinmu da madafa. Da asuba ya sa tiyo ya zuƙo da baki ya juye a tanki, ya tofar, ya yi ta tari. Gidan haya ne, ɗaki biyu, ina girki da gawayi, maƙwabciyata tana da tukunyar gas, yara kuma suna wasa da ashana kamar kowane yara. Na yi magana, ya ce, “Malama, kin san nawa na tsira da shi a jarkar nan? Kuɗin makarantar yaro ɗaya ne.”

Ko da aka yi gobarar tankar mai a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu, mun yi salati mun yi addu’a, amma abin ya yi mana kamar labarin nesa. Sai ranar Asabar 18 ga Janairun 2025 ya zo ƙofar gidanmu. Wata tanka ta faɗi a mahaɗar Dikko, ’yan mintoci daga Suleja. Mutane suka yi dafifi da bokitai da jarkoki suna kwasar man da ke malala, wuta ta tashi, sama da mutum 80 suka riga mu gidan gaskiya. Ranar na kira wayar Malam ta fi sau goma ba ta shiga ba. Ba hanyarsa ba ce, na sani, amma zuciya ba ta jin wannan lissafi.

Da ya dawo da daddare bai ci abinci ba. Ya zauna a bakin gado ya daɗe, sannan ya ce, “Kowa yana cewa kwaɗayi ne ya kashe su. Wallahi Malama, da a ce na biyo ta wurin da jarka a but, ban san abin da zan yi ba.” Wannan magana ta fi komai tsorata ni, domin na san mijina ba mai ɗaukar abin wani ba ne. Idan har shi zai iya faɗin haka, to matsin ya kai inda ban zata ba. Washegari da kansa ya fitar da jarkokin, kuma har yau fetur bai sake kwana a gidanmu ba. Tururin fetur ba ya buƙatar wuta ta taɓa jarka. Idan ya taru a ɗaki, tartsatsin gawayi ko na soket ya isa. Zuƙar sa da baki kuma, idan ya sarƙe mutum ya shiga huhu, yana iya jawo ciwon huhu mai tsanani.

Ranar da jiki ya ƙi

Bayan kamar wata ɗaya, wata Talata da safe, aka kira ni ina cikin aji. Muryar wata mata ce da ban sani ba, ta ce ita fasinjar mijina ce, suna Madalla. Yana cikin tuƙi ya ji kansa na sarawa, idonsa ya fara ganin dishi-dishi. Allah Ya taimaka ya samu ya gangara gefen titi ya tsaya da mutum shida a cikin mota. Matar ma’aikaciyar jinya ce. Ita ta hana shi ci gaba da tuƙi duk da ya ce ya ji sauƙi, ita ta sa aka kai shi asibiti.

Da aka auna jininsa ya kai 180 bisa 110. Likita ta yi mana bayani cewa daga 140 bisa 90 zuwa sama, idan aka auna a ranaku daban-daban aka same shi haka, hawan jini ne. Ta ce abin da ya sa ake kiran sa mai kisan mummuƙe shi ne mutum yana iya yawo da shi shekaru bai ji komai ba, sai ranar da ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon zuciya ko na ƙoda. Ta tambaye shi awa nawa yake barci, ya ce huɗu, wani lokaci biyar. Ta ce babban mutum yana buƙatar aƙalla bakwai. Ta tambayi abin da yake ci da abin da yake sha. A gaban likitar nan na fara jin labarin goro da ruwan leda da lemon gwangwani da ƙwayoyin tasha. Ina zaune a gefensa kamar baƙuwa.

Ta ce tsadar mai ba ita ke haifar da hawan jini kai-tsaye ba, akwai gado, akwai shekaru, akwai yawan gishiri. Amma rashin barci da damuwa da yini a zaune da abubuwan da ke hana barci duk suna ƙara masa ƙarfi. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac kuma, idan aka mai da su abincin kullum, suna iya ɗaga jini, su ci ciki har ya zama gyambo, su kuma taɓa ƙoda. Lemon kuzarin nan ba ya biyan bashin barci, ɓoye shi kawai yake yi, har ranar da ido zai rufe na daƙiƙa biyu a kan babban titi. Ta rubuta magani, ta ce kullum ne, ba sai ya ji ciwon kai ba.

A hanyarmu ta komawa gida a cikin keke, ya ce da ni, “Yau ke nan babu ko sisi.” Mutumin da ya kusa halaka da mutum shida, abin da ke ransa kuɗin yinin da ya rasa. Ban ce komai ba sai da muka isa. Na ce, “Malam, garin neman gira za mu rasa ido. Yau sai ka nuna mini lissafin motar nan.”

Littafin lissafi

A al’adarmu mace ba ta cika tambayar mijinta nawa ya samu ba, shi ma yana ganin gazawa ce ya buɗe mata aljihunsa. Wannan kunya ta kusa mai da ni bazawara. Da ƙyar ya yarda. Na ɗauko sabon littafin rubutu irin na ’yan makaranta na ja layi. Bayan ya huta ya koma aiki, kullum da dare sai mu rubuta kowane sawu: mai na nawa ya sha, mutum nawa ya ɗauka zuwa, nawa ya ɗauko dawowa, nawa ya ba ’yan kamasho, nawa ya biya na tikitin ƙungiya. Mako biyu muka yi muna haka.

Abin da littafin ya nuna ya ba shi mamaki shi kansa. Ribar yini gaba ɗaya tana cikin sawu biyu ne, lodin safe zuwa Abuja da lodin yamma zuwa Suleja, domin a lokacin ne mota ke cika. Dawowar da yake yi da hantsi da mutum ɗaya ko biyu, ya sake komawa da rabin mota, mai kawai take ƙonawa. Sawun dare kuwa, wanda ya raba shi da barci da ’ya’yansa, abin da yake bari bayan an cire mai sau da yawa bai kai Naira dubu biyu ba, wata rana ma faɗuwa ce. Shekara guda yana sayar da barcinsa a kan kuɗin da bai kai na maganin da yake sha yanzu ba. Bai sani ba saboda kuɗin duka aljihu ɗaya suke shiga, kuma mai gajiya ba ya lissafi.

Daga nan muka sake tsari. Ya daina sawun dare. Idan ya kai lodin safe ba ya dawowa Suleja, sai ya yi gajerun sawu tsakanin Kubwa da cikin gari, da azahar ya yi sallah ya ci abinci ya ɗan kishingiɗa a inuwa, da la’asar ya yi lodin gida. Ya kuma samu ma’aikata huɗu ’yan unguwarmu da ke aiki wuri kusa da juna, suka yi yarjejeniya yana ɗaukar su kullum suna biya duk mako. Su sun huta da tsayuwa a titi da fargabar faɗawa motar ’yan “wan cans”, shi kuma ya huta da yawon neman fasinja da mai a tanki.

Bakanikensa, wani dattijo da ya daɗe a sana’ar, shi ya gyara masa sauran. Ya ce sa mota a firi a gangara yaudarar kai ce. Irin motarsa, idan tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, man da take sha kaɗan ne ƙwarai, kuma injin yana taimaka wa birki riƙe ta. Idan ka kashe injin kuwa, birki yana yin tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma ya yi nauyi, a daidai lokacin da ka fi buƙatar su. Ya ce tsimin gaskiya yana wurin da direbobi ke rainawa: a duba iskar taya a kai a kai domin taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai, a canza matatar iska da fulogi idan sun gaji, a daina fizgar mota da taka birki da ƙarfi, a sauke tarkacen da ke cikin but, a kashe injin idan za a daɗe a tsaye ana jiran lodi.

Maganar mayar da mota mai amfani da iskar gas, wadda ake kira CNG, mun yi ta sosai. Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin tun 2023, kuma abokan aikinsa da suka mayar suna cewa kuɗin da suke kashewa ya ragu ƙwarai, sai dai suna kuka da dogon layi saboda wuraren sayar da gas ɗin ba su da yawa. Muna tara kuɗi a adashi don wannan. Wani ya yi masa tayin zai haɗa masa tukunya da araha a wurin mai walda, Malam ya ƙi. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a Benin, kuma hukumomi sun ce tukunyar da aka sa mata ƙirar walda ce ba ta ƙa’ida ba. Gara mu jira mu je wurin da aka amince da shi.

Ni ma na ɗauki nawa kason. Ina tashi tare da shi in zuba masa abinci a kula, ko da ɗanwake ne ko dafa-duka, da gorar ruwa. Kuɗin bai kai rabin na tasha ba, kuma ni ke auna gishiri da dunƙulen miya. Na fara yin zoɓo da kunun aya ina sayarwa a makaranta, kuɗin sabulu da na karin kumallon yara sun sauka daga wuyansa. Mun zaunar da manyan yaran mun gaya musu gaskiyar halin da ake ciki, kuma na yi mamakin yadda suka rage roƙon abin da ba dole ba. Maganinsa kuma ni ke saye ranar da na karɓi albashi, kafin komai, domin na kama shi sau ɗaya yana raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Duk mako biyu yana tsayawa a wani kemis a auna masa jini, mu rubuta a bayan littafin nan na lissafi.

A shafin farko na littafin mun rubuta abubuwa huɗu da muka yi alƙawarin ba za a yi tsimi a kansu ba komai tsadar mai: barci, abinci, magani, sai birki da taya. Duk abin da za a rage, a rage a wani wuri. Mun rage nama, mun rage anko da gudunmawar biki, maganar fili kuma mun ajiye ta sai yadda Allah Ya yi.

Ba zan ce mun fita daga matsi ba. Farashin ya ɗan sauko a 2025 bayan man matatar Ɗangote ya shiga kasuwa, amma bai je ko kusa da inda ya taso ba. Akwai watan da kuɗin makaranta ke kai mu ga cin bashi. Kuma na san mu masu sauƙi ne, tunda motar tamu ce. Direban da zai kai wa mai mota balas kullum, ko ɗan keken da ke biyan kuɗin sa kaɗan-kaɗan, ba shi da sararin da zai ce ya daina sawun dare cikin sauƙi. Irin waɗannan sai masu motocin sun ji tsoron Allah sun duba balas ɗin da suka ɗora. Shugabannin ƙungiyar direbobi ma za su iya taimakawa da abin da bai fi ƙarfinsu ba, kamar gayyato ma’aikatan lafiya tasha lokaci-lokaci su auna jinin mutanensu.

’Yan uwana matan direbobi da na ’yan keke da na ’yan acaɓa, idan kin ga maigida ya rame, ya yi shiru, ya zama mai saurin fushi, kafin ki zargi wata ki tambaye shi me ya ci da rana, awa nawa ya yi barci, me yake sha don ya jure. Ki lallaɓa shi a auna jininsa ko da yana cewa lafiyarsa ƙalau. Ku kuma magidanta, buɗe wa matarka lissafi ba ya rage maka girma. Ni da na ɗauka riƙo ne, da na ga lambobin da idona sai tausayi ya kama ni. Fasinja kuma, idan ka ga direba yana lumshe ido ko yana kashe mota a gangara, ka yi magana, ranka ne a ciki. Har yau ina yi wa ma’aikaciyar jinyar nan addu’a, ko sunanta ban sani ba.

Yanzu yawancin ranaku Malam yana shigowa kafin sallar isha. Autarmu ta haddace ƙarar motarsa, tun daga kan kwana take jin ta, ta ruga ta buɗe masa ƙofa. Abin da yake kawowa bai kai na da ba idan aka auna da tsadar kasuwa, amma tare muke cin tuwon dare, kuma awon da aka yi masa na ƙarshe ya nuna 130 bisa 85. Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a Dikko da Majiya, amin.